Shekarar da Aka Ce Na Yi wa Balkisa Rowa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, har jikokina sun tashi sun tarar da ita kamar tsohuwar randa a kusurwar ɗaki. Ana cewa wai ni na hana Balkisa fita waje koyon tuƙin jirgin sama, na tsare ta a Yamai tana jan ƙafa shekara da shekaru, don ina da hannun jarirai, ko kuma don ita ɗiya mace ce. Ban taɓa musawa ba, kuma ina da dalili. Yanzu dalilin ya kau, ni kuma tsufa ya kama ni sosai, don haka ku zauna ku ji yadda abin ya faru daga bakin wanda aka yi a gabansa.

Ni haifaffen Garhanga ne, amma Madawa ce ta mai da ni mutum. Na shigo ta ina aparanti, wato yaron mota, a bayan motar wani, na zama direba, na yi ta yini da kwana a kan gudron, kwaltar nan, har Allah ya hore mini kamiyo biyu, manyan motocin kaya, nawa na kaina. Albasa nake ɗauka daga lambunan fadama in kai Abijan da Kotonu. Ɗaya motar tsohuwa ce, ta ci hanya har ta gaji, kusan kowace tafiya sai makanise ya shiga ƙarƙashinta. Ɗayar kuwa da ƙarfinta, ita ce ke ciyar da gida, kuma Isufu, wan Balkisa, shi ke tuƙa ta tun da idona ya fara rauni. A lokacin yana da mata da yara ƙanana, kuma kowa ya san na faɗa masa da bakina cewa wannan mota tasa ce nan gaba. Ita Balkisa karatu Allah ya ba ta. Da ta samu bak, takardar gama sakandare, ta karanci ilimin yanayi, aka ba ta aiki a filin jirgi na Tawa. Aikinta ta duba iska da gajimare ta faɗa wa matuƙa ta rediyo. Mu dai muna murna ta samu biro, wato ofis, da albashi, ba mu san abin da ke cin ta ba.

Da bazarar shekarar da nake ba ku labari ta zo hutu, ana tsakiyar haƙar albasa. Ta same ni a zaure bayan la'asar, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ƙi tashi.

"Baba, na gaji da gaya ma wasu yadda sama take. So nike in tahi in gani da kaina."

"To ki hau jirgi mana," na ce. "Ni za ni biya maki tikiti har Yamai."

"Ba zama nike so ba, Baba. Tuƙi nike so."

Na yi dariya, amma da na dubi fuskarta sai dariyar ta koma ciki. Na san wannan kallon, don da shi na bar gonar mahaifina na bi mota.

Ba da hannu biyu ta zo ba, ta riga ta yi tambayoyinta. Ta bayyana mini cewa akwai lisansi na farko, wanda ke ba mutum damar tuƙa ƙaramin jirgi amma ba ya ba shi damar ɗaukar fasinja don kuɗi, kuma duk wanda zai zama matuƙi ta nan yake farawa. Hanya biyu ce. Ko ta tafi wata makaranta a Maroko, inda jirage suke jere kamar taksi a tasha, malamai sun wadata, mutum ya gama cikin watanni. Amma can kuɗin a dunƙule ake biya, ga tikiti, ga biza, ga ɗakin haya da abinci, ga aikinta da za ta ajiye, kuma in ta dawo sai an sake duba takardar a nan kafin a yarda da ita. Ko kuma ta koya a gida, wurin wasu masu ƙananan jirage a Yamai da ke koyarwa. Su awa-awa ake biyansu, ka tashi ka biya, ba ka tashi ba kuɗinka na aljihunka. Ta ce kada in zaci awar tasu ta fi araha, don man jirgin a ganga ake kawo shi daga bakin teku. Sauƙin kawai shi ne za ta nemi a mai da ita aiki Yamai, ta zauna gidan gwaggonta, albashinta na shiga. Ni ba da alƙalami nake lissafi ba, da mota nake yi. Da na auna sai na ga waje zai cinye motocin nan biyu duka. Gida kuwa tsohuwar ta isa a fara, sauran a riƙa cikawa da albashinta da abin da albasa ta bari kowace shekara.

Magana irin wannan ba a yanke ta mutum ɗaya. Na aika Garhanga, wana Yaya Shaibu ya zo ranar kasuwa, muka zauna a inuwar tsakar gida, da ni da shi da kakarku Hajiya da Isufu da Balkisa. Yaya Shaibu bai ce komai a kan kasancewarta mace ba, ku daina ɗora masa wannan. Abin da ya dame shi dabam ne.

"Kai ba ka da gona garin ga," ya ce mini. "Motocin nan su ne gonarka. Wa ka taɓa gani ya sai da gona dut don shi sayi iri?"

Ita Hajiya kuɗin bai ma shiga kunnenta ba.

"Alhaji, ni abu guda nike tambaya. Mota in ta mutu bisa hanya, a gangara gefe a jira makanise. Shi wanga abu, in ya mutu, ina ake gangarawa?"

"Inna, ai shi ya sa ake koyo," in ji Balkisa. "Abin da ake fara koya maka ke nan, yadda za ka sauka in inji ya tsaya."

"Kun ji ko?" in ji Hajiya. "Ashe yana tsayawar!"

Duk muka yi dariya, har ita Hajiya, tana share ido da bakin mayafi.

Ni kuwa zuciyata ta riga ta karkata waje, kuma ga dalili. Na ga yaran da suka koyi tuƙi a hannun maigida mai mota ɗaya. Ranar da motar ta kwanta, koyonsu ya kwanta, su yi shekaru suna wanke taya. Araha ba ta ado. Na ce in za a yi abu a yi shi da kyau, a sayar da motocin biyu, ta je inda jirage suke da yawa. Ni na tsufa, abin da ya rage ya ishe mu ni da Hajiya. Na juya ga Isufu na tambaye shi ko yana da magana. Kansa na ƙasa ya ce abin da Baba ya yanke shi ne daidai, shi direba ne, ba zai rasa motar wani da zai ja ba. Na ji daɗin amsar, na kuma san abin da ta ci masa, don na ja motar wani na san bambancin. Amma na yanke.

Cikin kwanaki kaɗan wani ɗan kasuwa ya zo daga Ƙonni, ya zagaya motocin, ya saurari inji, muka yi ciniki, ya ce zai dawo da kuɗi. Washegari da rana Hajiya ta ba Balkisa abinci ta kai wa wanta a garaji. Ta tarar ya kwashe kayansa daga gaban mota, buta da darduma da bargon tafiya suna ƙasa a ɗaure. Shi kuma yana tsugune a baya da gwangwanin fenti, yana shafe sunan ƙaramar ɗiyarsa da ya rubuta a jikin motar ranar sunanta. Bai ga zuwanta ba. Ta ajiye kwanon ta juyo.

Da safe ina lambunan fadama, wajen rudu, bukkokin nan da muke ajiye albasa a ciki, sai ga ta ta biyo ni da ƙafa.

"Baba, na sake shawara. Yamai za ni koya."

"Tsoro ya kama ki?"

"A'a. Na sake lissahi ne. Cikin kuɗɗin waje akwai abin da ban sa ba."

Ta faɗa mini abin da ta gani. Na ce mata wannan ba nauyinta ba ne, ni na yanke, kuma Isufu namiji ne, zai tashi. Na tuna mata da bakinta ta ce jiragen Yamai ba su da yawa, za ta sha jira.

"Na sani, Baba. Jiran ni za ni yi shi, ni nike son abin. Mi ya sa Yaya Isufu da ƴaƴanshi za su biya mani?"

Sai ta ƙara da abin da ya ɗaure ni shekaru.

"Amma ina roƙon alfarma guda. Kada ka ce ni na janye. In ya san don shi ne, zai kai motar Ƙonni da kanshi, ka san halinshi. In kuwa bai kai ba, ba zai ƙara shiga cikinta da daɗin rai ba. Ka ce kai ne ka ga kuɗɗin sun yi yawa."

"Kin san abin da mutane za su ce da ni?"

"Na sani. Shi ya sa na ce alfarma."

Na dube ta, yarinyar da na goya a wuya ina kai ta lakwal, makarantar boko, na ga ta fi ni iya ciniki. Na ce na ɗauka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Da yamma na tara su na ce na sake tunani, mota ɗaya zan sayar, Balkisa ta yi haƙuri da Yamai. Yaya Shaibu ya ce madalla. Hajiya ta ji daɗi ɗiyarta ba za ta ƙetare hamada ba. Isufu ya dubi ƙanwarsa, ita kuma ta sunkuyar da kai kamar wadda aka yi wa ƙwace, ta iya abinta ƙwarai. Mutumin Ƙonni ya ɗauki tsohuwar yana gunaguni. Kafin mako ya zagayo labari ya cika tashar Madawa, cewa Alhaji ya yi wa ɗiyarsa alkawari ya ga kuɗi ya tsorata. In na wuce majalisa sai murya ta yi ƙasa. Na yi kunnen uwar shegu.

Farkon abin ya tafi daidai. Aka mai da ita aiki Yamai, tana tashi ranakun hutunta, tana kira ta ba mu labari har sai kuɗin waya ya ƙare. Na je sau ɗaya na ga wurin. Rumfar kwano ce babba da jirage biyu a ciki, kowane bai kai taksi faɗi ba, ɗaya ma an buɗe hancinsa ana gyara. Daga ganin haka na san inda za a sha wuya, kuma aka sha. Wanda ake gyara bai sake tashi ba. Ɗayan ya ɗauki kowa har shi ma wani ƙarfe ya lalace a injinsa, aka ce sai an aiko daga Turai, aka yi watanni ana jira. Da ƙarfen ya iso damina ta kama, yau hadari gobe iska. Da aka samu sarari sai malamin da ke koya mata ya samu aiki a wata ƙasa ya tafi, aka zauna jiran wani. Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne hannu yana mantuwa. Duk lokacin da ta daɗe ba ta tashi ba, sai ta sake biyan awoyin da ta riga ta biya don ta koma inda ta tsaya. A shekara ta biyu kuma albasa ta faɗi warwas, muka zuba ido tana ruɓewa a rudu, abin da na iya aika mata bai taka kara ya karya ba. Ana cikin haka wata abokiyar aikinta da ta tafi Maroko bayan ita ta fara, ta dawo da lisansinta. Wani kamfani ya nemi matasa masu lisansin farko zai ɗauki nauyin sauran karatunsu, aka ɗauki abokiyar, Balkisa ba ta da takardar nunawa.

Ta zo babbar salla a rame. Muna zaune ana suyar nama, wata ƴar'uwa ta tambaye ta yaushe za ta ɗauke su a jirgi, sai kawai hawaye ya zubo mata, ta tashi ta shiga ɗaki. Isufu ya ajiye wuƙar da ke hannunsa. Tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Baba, ka gani? Da ka bar ta ta tahi, da yanzu ita anka ɗauka. Ni na yarda a sai da motar, ban ce uffan ba. Kai ne ka ga kuɗɗi ka kasa sakinsu!"

Hajiya ta ce, "Isufu, ubanka ne fa." Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Kalma kaɗan ce, in faɗe ta in wanke kaina a gaban ƴaƴana da surukaina. Na ɗaga kai sai na hangi Balkisa a bakin ƙofar ɗaki, idonta jawur, tana girgiza mini kai a hankali.

"Na ji," na ce. "Ɗauki wuƙarka, nama na jira."

Bayan an watse na kira ta gefe na ce har yanzu ƙofa a buɗe take, in ta ce a sayar da motar, gobe za a sayar. Ta ce ta yi kuka ne don ta gaji, ba don ta yi da-na-sani ba, kuma saura kaɗan. Shi kuwa Isufu ya yi kusan shekara gaisuwa kawai ke haɗa mu, ya durƙusa ya gaishe ni ya tashi, ba hira. Wannan ya fi maganar tasha ciwo nesa ba kusa ba. Daga baya na ji cewa tun daga sallar nan duk tafiyar da ya yi sai ya ware wani abu daga rabonsa ya aika wa ƙanwarsa, yana ce mata kada ta bari Baba ya sani.

A shekara ta uku ta samu lisansinta. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Sauran labarin kun san shi, yadda daga baya ta samu masu ɗaukar nauyi ta je waje ta ƙarasa, da aikin da take yi yanzu na kai likitoci da ɗauko marasa lafiya daga garuruwan da mota ke kwana biyu ba ta kai ba. Ga wanda zai bi sawunta a cikinku, ba zan ce masa gida ya fi araha ba. Da muka haɗa abin da ya tafi, da awoyin da aka maimaita, tazarar da ke tsakaninsa da kuɗin Maroko ba ta kai yadda muka zata ba, ga shekaru da damar da ta wuce a kai. Kada kuɗin awa ya ruɗe ku. Ku tambaya jirage nawa ke tashi, ba nawa ke cikin rumfa ba, malamai nawa ne, kuma in abu ya lalace daga ina yake zuwa. Sannan ku tambayi kanku wa zai biya, don wani kuɗin ba daga aljihu yake fita ba. Ita ta yi wannan tambayar ta samu amsarta, ni kuma har gobe ina ganin daidai ta yi, kuma daidai na yi da na rufa mata.

Watan da ya wuce ta kira ni ta ce tunda ta ji ina sa ana rubuta tarihina, ta sake ni daga alkawarin, ba ta so in tafi da sunan da ba nawa ba. Na ce to, amma Isufu ba a takarda zai gani ba. Na aika aka kira shi. Ya zo da hantsi, shi ma yanzu furfura ta fito masa, motocinsa uku a kan hanya. Na ba shi labarin tun daga garaji har rudu. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗago kai ya dube ni.

"Ke nan ranar salla, da na yi maka wannan maganar gaban mutane..."

"Gaskiya ka faɗa iya abin da ka sani."

Ya zame daga kujera ya durƙusa, ya kama ƙafata da hannu biyu yana kuka. Na ce ya tashi, ni ban taɓa riƙe shi ba, ɗan da ya yi faɗa da ubansa don ƙanwarsa ba abin kunya ba ne. Ya tashi ya share fuska da hannun riga, ya ciro waya ya kira ta a gabana. Tana ɗauka ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Ina jin muryarta daga inda nake zaune.

"Yaya Isufu? Baba ya gaya maka ke nan."

"Ke," ya ce da ƙyar, "ashe haka kike da wayo?"

"To yanzu mi za ka yi? Motar dai ka riga ka tsufar da ita."

Ya yi dariya da hawaye a fuska. Na miƙa hannu na jawo sandata, na bar musu zauren.